Sunan Matar Mai Fito

Litinin, da hantsi

Baba ya gama littafin jiya. Wato labarin ya gama, saura sunaye da take, kuma a wurinsa nan ne aikin yake. Ni nake buga masa a kwamfuta tun da na dawo daga jami'a, don rubutun hannunsa yanzu hawa yake yana gangarowa, wani sa'in kalma ta hau kan 'yar'uwarta bai sani ba. Ban gaya masa ba. Warwarewa nake yi in buga.

Labarin wani gari ne a bakin kogi, shekara ɗari biyu da suka wuce, lokacin da yaƙi ya koro mutane. Aka kashe mai fito, matarsa ta karɓi kwalekwalen ta riƙa tsallakar da masu gudu.

Tun ina ƙarama haka yake yi, ba ya ba kowa suna sai ya kai ƙarshe. Maƙeri, ungozoma, mai gishiri, haka suke yawo a takarda. Idan ya gama sai ya tsaya a ƙofar ɗakin karatunsa, ya fuskanci baranda, ya ƙwala wa suna kira kamar mai kiran yaro cin abinci. Sai ya kasa kunne. In ya ce ya amsa, in rubuta. In bai amsa ba, a nemo wani. Ya ce sunan da ba ya kiruwa ba ya karantuwa.

Yau maƙeri ya yi taurin kai, duk sunan da aka kira shi da shi ya ƙi. Goggo ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Yaya, in ba za su zo ba ka ƙyale su mana. Maƙwabta sai su ce aljanu muke kiwo."

Ya ce, "Auta, ke dai ƙara ruwa a tukunya, baƙi na tafe."

Matar mai fito ce kaɗai ba ya kira. Ita tun shafin farko da sunanta ta zo.

Talata, bayan la'asar

Karatu kamar kullum. Nakan ɗiga masa magani a ido, ya jingina a kujerarsa ta falo, wadda take fuskantar hoton mahaifiyata, in karanta masa babi ɗaya. Ya ce kunne ya fi ido kama ƙarya. Da can da kansa yake karantawa.

Ya sa na maimaita wurin da mutane suke tsaye a gaɓa suna kiranta, kogi ya cika, ita tana tsallake. Na maimaita, ya ce in sake. Na tambaye shi ko akwai gyara ne. Ya ce, "Babu, Farfesa. Daɗi yake yi mini." Farfesa yake ce mini tun ranar da na kawo takardar digiri, ko a gaban baƙi.

Sunan nan nata yana yi mini ƙaiƙayi. A kan sunayen mutane na rubuta kundin digirina, daga tsofaffin takardun shari'a, kuma ban tuna na taɓa cin karo da shi a zamanin da labarin yake ba. Wataƙila mantuwa ce. Zan duba.

Alhamis, da yamma

Na wuni a ma'adanar takardun tarihi. Ba mantuwa ba ce. Asalinsa sunan wani yadi ne mai zanen ƙananan ganye, wanda 'yan kasuwa suka fara shigowa da shi bayan an shimfiɗa layin dogo. Na ga tallarsa a wata tsohuwar jarida, na ɗauki hoto da waya. Daga baya ne mata suka fara sa wa 'ya'yansu. Tsakanin yadin da matar mai fito akwai kusan shekara ɗari.

Na bi ta ko'ina na tabbatar, don kada in yi wa Baba ƙage. In faɗi gaskiya, a motar dawowa murmushi nake ta yi ni kaɗai. Karon farko ke nan da abin da na karanta ya yi wa wani amfani.

Juma'a, da yamma

Asibiti. Likita ya haska, ya sake haskawa, sannan ya ce in biyo shi waje in karɓi takardar magani. Ba takardar magani ba ce. An sa ranar aikin ido nan da mako uku. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

A hanya Baba ya tambaye ni ko an sake wa shagon mai gyaran agogo fenti, wai ya ga ya yi duhu. Ba a sake ba. Na ce an sake.

Lahadi, da safe

Na so in yi masa maganar sunan a gida, daga ni sai shi. Jiya ya gaji. Yau kuma ungozoma ta amsa kiran farko, yana ta murna har da tafi, na kasa ɓata masa. Gobe za mu kai wa Edita littafin, sai mu yi maganar a hanya.

Litinin, da yamma

Ba mu yi maganar a hanya ba. Mai tasi ya cika mu da labarin tsadar taya tun daga ƙofar gida.

Ofishin Edita yana saman maɗaba'ar. In injin ya tashi a ƙasa har kofin shayi rawa yake a kan tebur. Ya tarbi Baba da hannu biyu, ya janyo masa kujera, sannan ya shiga ƙorafi. Wai littafin tarihin da suka fitar bara, wani mai sharhi ya tsinci agogo a hannun wani jarumi na zamanin da ba a san agogon hannu ba, ya yi musu wankin babban bargo a jarida.

Ya ce, "Malam, mai bin diddigi muke nema, wanda zai riƙa tace mana irin wannan kafin mu sha kunya."

Bai ma dube ni ba. Ni ce na dube shi. Tun da na gama karatu babu inda ban kai takardar neman aiki ba.

Na so in rubuta cewa ban san lokacin da na fito da waya ba. Na sani sarai. Na ce akwai abu ɗaya a namu ma. Na nuna tallar yadin, na jero shekaru, na kawo takardun shari'a, da irin muryar da na yi ranar kare kundi.

Edita ya riƙe haɓa, ya ce, "Malam, ashe maganin yana gidanka muna ta yawon nema."

Baba ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya kusantar da ita har tana neman taɓa hancinsa. Ya daɗe a haka.

"Wannan ganyen ne?"

"Shi ne, Baba."

"Shekara nawa kika ce tsakani?"

"Kusan ɗari."

"Ɗari." Ya miƙo mini wayar. "To, Farfesa ta yi magana. A canza."

Edita ya ce ai ba dole ba ne, mutum nawa ne za su lura? Na ce wanda zai lura shi ne zai rubuta a jarida. Ni na faɗi haka, da bakina.

Na tambayi Baba wane suna za a sa. Ya ce, "Ke kika san na zamanin. Zaɓi."

Talata, da hantsi

Na zaɓa. Suna ne da ya cika takardun wancan zamani, masu sayar da hatsi, masu ƙarar gado, duk da shi. Babu wanda zai iya kushe shi.

Na kai masa, na ce ko zai tsaya a ƙofa ya kira. Yana zaune yana laluben murfin alƙalami a kan tebur. Ya ce, "Ba sai an kira ba. Ai da hujjarsa ya zo."

Na sa kwamfuta ta nemo tsohon duk inda yake ta musanya. Kafin in ɗauke yatsa ta gama, har ta nuna mini wuri nawa ta taɓa. Da yawa.

Laraba, bayan la'asar

Na fara karatu da sabon sunan. Ban kai ƙarshen shafi ba ya ɗaga hannu. Ya ce ya isa haka, kansa ke ciwo. Na kawo masa ruwa da magani. Ya sha ruwan, ya bar maganin a hannun kujera.

Alhamis, bayan la'asar

Bai ce in karanta ba.

Asabar, da azahar

Na tura littafin maɗaba'a. Cikin za a fara bugawa, bango sai an sami take, kamar yadda suka saba da Baba. Edita ya kira da kansa, ya ce in fara zuwa aiki farkon wata, gwaji ne tukuna.

Goggo ta rungume ni har gyalenta ya faɗi. Baba ya ce, "Allah ya sanya albarka." Ya faɗa da kyau, babu abin da zan kama. Sai dai na lura tun ranar Litinin bai sake ce mini Farfesa ba. "Ke" yake cewa. Ke, miƙo mini sandata. Ke, rufe tagar nan.

Wataƙila maganar aikin ido ce take damunsa. Kowa ma zai damu.

Lahadi, bayan la'asar

Yau ma bai ce in karanta ba.

Litinin, da hantsi

Saura take. Baba ba ya raɗa wa littafi take sai an buga cikinsa, ya ce sai an ga fuskar jariri. Kuma yana da yadda yake gwadawa. Goggo takan tsaya bayan teburin cin abinci a matsayin mai kantin littattafai, shi kuma ya shigo daga waje kamar mai saye, ya yi sallama ya ce, "Kuna da littafi kaza?" In taken ya yi tsawo, Goggo ta ce, "Malam, saye ka zo ko wa'azi?" In ya yi sanyi ta yi hamma ta ce ya ƙare. Wanda ya sa ta juya kamar za ta ɗauko, shi ne. Ina yarinya har kwanciya nake don dariya.

Yau ta share teburin ta tsaya, ta ce, "Yaya, na buɗe kanti, ba ciniki."

Ya ce, "Rufe abinki. Edita ya zaɓi wanda ya ga dama."

Ta dube ni, na dubi ƙasa. A duk littattafansa babu wanda ya taɓa bar wa wani take.

Laraba, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Muna bayan gida ni da Goggo, tana guga ina ninkewa. Ta ce, "Ke, wai me ya sa kuka daina karatun nan ne? Na saba ina wanke-wanke ina jin ana kiranta."

Na ce, "Kiran wa?"

"Uwarki mana."

Na ce mata ai ba sunanta ba ke nan, sunanta yana kan takardar haihuwata, na san shi. Ina da shekara uku ta rasu, Goggo ce ta raine ni, amma wannan kam na sani.

Ta ce, "Wancan na takarda ne, iyayenta suka sa mata. Wannan shi ya sa mata." Ta ajiye dutsen guga a tsaye. Ta ce a tashar mota ya fara ganinta, ana ruwa, ta rakuɓe a ƙarƙashin rumfa da wannan yadin a jikinta, lokacin an sake yayinsa. Bai san ko wace ce ba. Ya dawo gida a jiƙe yana cewa, Auta, na ga mai yadi kaza. Kullum sai ya koma tashar kamar ɗan kamasho. Kafin ya san sunanta na gaskiya baki ya riga ya saba. Bai taɓa kiranta da shi a gaban mutane ba. Goggo ma don tana zaune tare da su ne take ji ta baranda.

Ta ce, "Tun ranar da aka fita da ita ban sake jin sa a gidan nan ba, sai da kika fara karatu. Ranar farko sai da na nemi wuri na zauna. Na ɗauka ya gaya miki."

Na ce bai gaya mini ba.

"Shi kuma ya ɗauka ni na gaya miki, ko kuwa bai so ki sani ba, yana dai son ya ji. Yayana ke nan. In yana son ruwa sai ya ce rijiyar nan ta yi kyau."

Sai na gaya mata abin da na yi a ofishin Edita, da abin da na sa kwamfuta ta yi.

Rigar Baba tana shimfiɗe a gabanta, hannu ɗaya a goge, ɗaya a yamutse. Ta ce, "Garin neman gira," sai ta tsaya. Ba ta ƙarasa ba. A gidan nan yanzu ba a ƙarasa wannan karin maganar.

Na shiga falo na tsaya gaban hoton. Tun da na yi wayo nake kallonsa. Na fito da waya na buɗe tallar jaridar na kanga kusa da shi. Ƙananan ganye a yadin jikinta, iri ɗaya. Na bi takardun shekara ɗari biyu ban tsallake layi ba, amma bangon falonmu ban duba ba.

Alhamis, da azahar

Da sassafe na tafi maɗaba'a. Na tarar an gama. Shafukan suna jibge a kan katako har sun kai ƙirjina, an ninke rabi, warin tawada ya cika wurin. Na zaro ɗaya. Sabon sunan ne a layin farko.

Na tambayi mai injin ko akwai yadda za a yi. Tsoho ne mai tabarau a goshi, ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Malama, takarda ba allo ba ce da za a wanke a sake. Ko kuskure kika gani?"

Na ce a'a.

"To in ba kuskure, me kike nema? Mu nan kuskure ne ke hana mu barci, daidai kuwa ba ta taɓa dawo da kowa ba."

Na hau sama. Edita ya saurare ni da haƙuri. Ya ce takardar da aka ware wa littafin ta ƙare a kansa, ba za a sake ba saboda suna ɗaya, ballantana a cire na daidai a mayar da wanda ni da kaina na rushe a kan teburin nan. Ya ce in ba shi dalili. Ban ba shi ba. Ba nawa ba ne da zan bayar.

Ya ce bango kaɗai ya rage, kuma ranar Talata yake son take.

Juma'a, bayan la'asar

Na ɗiga masa magani, na ƙi tashi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "Baba, Goggo ta gaya mini."

Idonsa a rufe. Ya ce, "Auta da baki."

Na ce ya yafe mini.

"Kin yi kuskure a tarihin ne?"

"A'a."

"To me za a yafe? Ni na kai ki makaranta don ki san gaskiya ki faɗa. Kin faɗa."

Na ce da ya gaya mini, ko a ofishin, ko da ido.

Ya ɗan yi murmushi. "Da wane idon?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tambaye shi me ya sa bai ƙi ba, littafinsa ne. Ya ce, "A gaban ubangidanki na gobe? In ce masa 'yata ta yi daidai amma a watsar? Na ga yadda kike magana ranar, ban taɓa jin muryarki ta tsaya da ƙafarta haka ba." Ya gyara zama. "Ita ma da tana nan bayanki za ta bi. Ba ta son shirme."

Na ce in ɗauko na hannu mana, wanda ya rubuta da alƙalami, in karanta masa daga can, tsohon sunan yana nan. Ya ce a'a. Ya ce da ban sani ba karatu nake yi, yanzu kuwa jinya zan yi.

Asabar, da safe

Na fi awa ina kallon takardun hannunsa. Duk rubutun a karkace yake, kalma kan kalma, amma duk inda sunan ya zo a miƙe yake, harafi harafi, kamar na ɗan makaranta mai son maki. Ni na buga su duka. Ban lura ba.

Lahadi, da azahar

Goggo ta haɗa masa jakar asibiti tun yanzu. Ta sa tabaransa na karatu a ciki, ta fitar, ta sake sawa.

Litinin, bayan la'asar

Na kwana biyu ina juya abin, yau na faɗa.

Na same shi a ɗakin karatu, yana zaune ba ya komai, hannunsa a kan tebur. Na ce Edita yana jiran take gobe. Ya ce ai ya ce a ba shi ya zaɓa. Na ce ina da shawara. Na ce a sa sunan a bango. Shi kaɗai, ba ƙari.

Ya juyo da fuskarsa wajena, ɗan gefe kaɗan, yadda yake yi yanzu.

"Ke da kika ce ba a yi shi ba a zamanin."

"Cikin littafi ne zamanin, Baba. Bango na yau ne."

"Babu mai wannan suna a ciki. Kin cire ta tas."

"Na sani."

"Mutum ya saya, ya buɗe, ya yi ta nemanta daga farko har ƙarshe bai same ta ba."

Na ce, "Mu ma haka muke."

Ban shirya faɗar haka ba. A waje wani yana ta buga ƙofar maƙwabta. Can ya ce, "Je ki, zan yi tunani."

Talata, da hantsi

Ina ɗakina ina goge takalmin da zan fara zuwa aiki da shi, na ji sandarsa a baranda. Na leƙo. Yana tsaye a ƙofar ɗakin karatu, ya dafa katakon ƙofar, ya fuskanci baranda. Goggo ta fito bakin kicin, hannunta da kumfa.

Ya kira. Bai ƙwala ba kamar yadda yake yi wa su maƙeri. Kira ne na wanda ya san mutum yana ɗaki na kusa. Sau ɗaya.

Ya kasa kunne. Babu abin da ake ji sai firji. Ya jira fiye da yadda yake jiran kowa.

Goggo ta share hannunta a zani, ta zagaya bayan teburin cin abinci ta tsaya. Ta ce, "Malam, in littafi ka zo nema, akwai." Ta juya kamar za ta ɗauko.

Ya ce, "Farfesa."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Ki gaya musu su yi haruffan manya."

Talata, da yamma

Edita ya karanta taken a takardar da na miƙa masa, ya ɗago. Ya ce, "Ai wannan muka cire." Na ce shi ne. Ya ce mai sharhin nan zai ce ko littafinmu ba mu karanta ba. Na ce ya faɗa. Ya ce, "Ke ce fa mai bin diddiginmu, tun ba ki fara ba za ki sa hannu a kan wannan?" Na ce na bi diddigin, na ga inda ya tsaya, kuma marubucin ya zaɓa.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ban san abin da ya yanke a kaina ba, bai kuma sake maganar farkon wata ba. Ya dai ɗaga waya ya ce mai zane ya hawo.

Na roƙi a ba ni gwajin bango gobe. Na ce gobe, ba jibi ba. Bai tambaye ni dalili ba.

Alhamis, da safe

Ina kan benci a asibiti. Sun shiga da shi. Goggo ta tafi neman ruwan zafi da babu wanda ya ce a kawo.

Jiya kafin rana ta faɗi na iso da gwajin bangon. Fari ne, kogi siriri a ƙasa, sunan ya cika sama daga gefe zuwa gefe. Ya ce in kai shi bakin taga. Ya riƙe takardar da hannu biyu, ya kusantar, ya nisantar, ya karkata ta wajen haske. Na tambaye shi ko yana gani. Ya ce yana ganin harafin farko da na ƙarshe, na tsakiya kuwa ya san su.

Ya hana a karɓa. Yana cikin jakar, kusa da tabarau.

Na zo da shafukan ciki da mai injin ya ba ni, don in sami abin yi da hannuna. Na sake bin wurin da mutane suke tsaye a gaɓa suna kira, kogi ya cika, ita tana tsallake. Na duba shekaru, na duba kaya, na duba sunaye.

Babu kuskure ko ɗaya.